Mahatma Gandhi: Lauyan da ya gaji azumi wurin mahaifiyarsa, ya tsallaka teku da shi

Duk ɗan Najeriyar da neman magani ko karatu ko fatauci ya taɓa kai shi Indiya, ya ga fuskar wani tsoho mai tabarau a jikin takardun kuɗin ƙasar. Shi ne Mohandas Karamchand Gandhi, wanda mutanensa suka yi wa laƙabi da Mahatma, wato mai babban ruhi. Duniya ta fi saninsa da jagorantar fafutukar ƙwato 'yancin Indiya daga Turawan Birtaniya ba tare da ɗaukar makami ba. Amma akwai ɗabi'a guda da ta raka shi tun yana yaro har makonnin ƙarshe na rayuwarsa, ita ce azumi. A gaban mahaifiyarsa ya fara ganinsa, a tsakiyar Indiyawa mazauna Afirka ta Kudu ya rungume shi da gaske, da tsufa ya zo masa kuma ya jefa ransa cikin haɗari da shi domin a daina kashe Musulmi a birnin Delhi.

Gidan da ya tashi

An haife shi ranar 2 ga Oktoba, 1869, a Porbandar, wani gari na bakin teku a yankin Gujarat da ke yammacin Indiya. Mahaifinsa, Karamchand Gandhi, shi ne wazirin sarkin garin, daga baya ya riƙe irin wannan muƙami a Rajkot. Gidansu gidan mabiya addinin Hindu ne da ba a cin nama, amma zauren mahaifin ba ya rabo da baƙi Musulmi da mabiya addinin Jain da na Farsi, suna tattauna al'amuran addini yaron yana saurare.

Mahaifiyarsa, Putlibai, mace ce mai yawan ibada. Ba ta cin abinci sai ta kammala addu'o'inta, kuma kullum sai ta je wurin bauta. Abin da ya fi zama a zuciyar ɗanta shi ne yadda take kiyaye Chaturmas, watanni huɗu masu alfarma da ke kamawa daga wajen Yuli zuwa wajen Nuwamba. Lokacin daminarsu ke nan, kusan tsawon da manomin Makoɗa ko Ɗambatta ke ɗauka daga noman farko zuwa yankan dawa. A watannin nan Putlibai takan taƙaita ga cin abinci sau ɗaya a rana. Wata shekara ta riƙa yin azumi yau, ta sha gobe. Wata shekarar kuma ta yi bakance cewa ba za ta sa komai a baki ba sai ta ga rana da idonta. Ga shi kuwa ana tsakiyar marka, hadari kan rufe sama yini guda. Yaran gidan sai su tsaya waje suna ɗaga kai, da zarar rana ta leƙo su ruga su faɗa mata, amma sau da yawa kafin ta fito gajimare ya sake rufewa. Ba ta ɓata rai, sai ta koma bakin aikinta da yunwarta.

Yadda azumin Hindu yake

Azumin mabiya Hindu ya sha bamban da na Musulunci. Yawancinsa alwashi ne da mutum ke ɗaukar wa kansa, kuma ƙa'idarsa tana sauyawa daga yanki zuwa yanki, har daga gida zuwa gida. Wani ya kame daga ci da sha gaba ɗaya, wani ya sha ruwa kawai, wani ya bar hatsi da wake ya ci 'ya'yan itace da madara, wani kuma ya ci sau ɗaya da yamma.

Lissafin ranakun yana bin wata. Sun kasa kowane wata gida biyu, kwanakin farin wata da na duhun wata. Rana ta goma sha ɗaya a kowane kashi ita ake kira Ekadashi, don haka sau biyu take zagayowa a wata, kuma ita ce ranar azumi mafi shahara a gidaje irin nasu Gandhi. Akwai kuma ranakun shekara-shekara, kamar Janmashtami, da suke tunawa da haihuwar Krishna, da Shivaratri, da kwanaki tara na Navaratri. Galibi mata ne ke riƙe da wannan lissafi, domin su ne suka san abin da za a ɗora a murhu da abin da ba za a ɗora ba.

Alkawura uku

An yi masa aure da Kasturba a 1883, dukansu suna da kimanin shekara 13. Mahaifinsa ya rasu a 1885. Da aka kawo shawarar ya tafi Ingila karatun lauya, mahaifiyar ta ƙi, saboda ta ji labarin yadda samari ke lalacewa a can. Ba ta amince ba sai da ya yi rantsuwa a gaban wani malamin addinin Jain mai suna Becharji Swami cewa ba zai kusanci giya da mata da nama ba. Dattawan danginsa kuwa suka ce tsallaka teku ya saɓa wa al'ada, da ya ƙi janyewa suka yanke hulɗa da shi.

Ya shiga jirgin ruwa a watan Satumba na 1888. Makonninsa na farko a Landan da yunwa ya yi su, yana cin burodi da dafaffen ganye marar ɗanɗano, abokai suna matsa masa ya ci nama ko sanyi ya kashe shi. Daga baya ya gano wani gidan abinci na marasa cin nama, ya shiga ƙungiyarsu, har ya zama ɗan kwamitinta. A can ne kuma ya fara karanta littafin Bhagavad Gita. Ya zama lauya a watan Yuni na 1891. Da ya sauka Bombay aka shaida masa cewa mahaifiyarsa ta rasu tun yana Landan, an ɓoye masa ne don kada karatunsa ya lalace. Ya dawo da alkawuran nan uku cikakku, amma wadda ya ɗaukar wa su ba ta nan.

Indiyawan Natal

Aikin lauya bai karɓe shi a gida ba. A 1893 wani attajiri Musulmi ɗan asalin Porbandar, Dada Abdulla, ya ɗauke shi aikin shekara ɗaya kan wata shari'ar kuɗi a Afirka ta Kudu. Daren 7 ga Yuni na shekarar aka jefo shi daga jirgin ƙasa a tashar Pietermaritzburg, saboda ya zauna a taragon da aka keɓe wa Turawa alhali yana da tikitinsa. Tafiyar shekara ɗaya ta zama zaman shekara 21.

Ya tarar da al'ummar Indiyawa iri biyu. Akwai 'yan kasuwa, yawancinsu Musulmi daga Gujarat, waɗanda suka zo da kuɗinsu. Akwai kuma 'yan ƙwadagon gonakin rake, waɗanda aka fara kawowa yankin Natal a watan Nuwamba na 1860 bisa yarjejeniyar aikin shekara biyar. Zuwa 1911, lokacin da aka dakatar da tsarin, an kwaso fiye da mutum 150,000, akasarinsu mabiya Hindu masu harshen Tamil da Telugu da Hindi.

Kiyaye ranakun azumi a irin wannan zama abu ne mai wuya. Mai gona ne ke da lokacin ɗan ƙwadago, shi ne kuma ke auna masa shinkafa da wake da busasshen kifi. Malaman addini ƙalilan ne. Ko yanayi ma ya juya musu baya, domin watannin da suka sani da ruwan sama a gida sun zama watannin sanyi da rani a kudancin Afirka. Hutun da masu gonaki suka saba ba su duk shekara shi ne na kwana uku a watan Muharram, saboda haka Hindu da Musulmi suka riƙa fitowa tare a wannan biki, ya zama na Indiyawa baki ɗaya. Duk da haka mata sun ci gaba da ƙirga kwanakin wata a barikokin gonaki, an kuma gina ƙananan wuraren bauta da kwano da itace.

Gandhi ya taimaka aka kafa ƙungiyar Indiyawan Natal a 1894, ya fara fitar da jaridar Indian Opinion a 1903, ya kafa matsugunin Phoenix kusa da Durban a 1904. A watan Satumba na 1906, a wani taro a Johannesburg, Indiyawa suka yi rantsuwar bijire wa dokar da ta tilasta musu rajista da dangwala yatsu. Daga nan aka samu abin da ya kira Satyagraha, wato riƙo da gaskiya tare da jure wuya ba ramuwa. A shekarun nan ne lauya mai kwat da lakatayi ya koma ga al'adar mahaifiyarsa. Ya fara kiyaye Ekadashi da Janmashtami da 'ya'yan itace da madara. Da ya lura cewa ana iya cika ciki da waɗannan har a fi ranar da ba a azumi, sai ya koma ruwa zalla.

Shekarar da Shravan ya haɗu da Ramadan

Da gwamnati ta riƙa ɗaure masu bijire wa doka, iyalansu suka rasa mai ciyar da su. A 1910 abokinsa Hermann Kallenbach, Bayahude ɗan asalin Jamus mai zanen gine-gine, ya ba da gonarsa mai faɗin eka 1,100, kimanin mil 21 daga Johannesburg, don su zauna. Aka sa mata suna Gonar Tolstoy, saboda marubucin Rasha da Gandhi ke musayar wasiƙu da shi. Mazaunanta sun haɗa da Hindu da Musulmi da Kirista da Farsi, tukunyarsu ɗaya, kuma da yardar kowa aka bar nama. Su ne magina, su ne masu ɗebo ruwa, su ne masu kula da itatuwan lemo.

Wata shekara a zamansu na gonar, watan Shravan na Hindu ya faɗo daidai da watan Ramadan. A gidan su Gandhi akwai masu yin wani azumi da ake kira Pradosha a wannan wata, inda ba a cin abinci sai da yamma, sai ya yanke shawarar yin sa. Cikin samarin da yake koyarwa akwai Musulmi huɗu ko biyar. Dama yana sa ido ya ga sun yi sallolinsu a kan lokaci, sai ya ƙarfafa musu gwiwa su ɗauki azumin Ramadan cikakke. Sannan ya nemi samarin Hindu da Kirista da Farsi su taya su kamewa da rana.

Kowa ya tsaya kan ƙa'idar addininsa. Musulmi suna tashi sahur su kaɗai, ba sa shan ruwa, ba sa buɗa baki sai rana ta faɗi. Sauran suna shan ruwa, suna kuma cin abincinsu kafin faɗuwar rana, don haka suka samu damar shirya wa 'yan uwansu Musulmi abin buɗa-baki mai daɗi, su kawo musu da hannunsu. Wanda ya riƙe fartanya a gonakin Makoɗa a azumin 2011 ko 2012, lokacin da Ramadan ya faɗo tsakiyar damina, ya san nauyin haɗa aikin gona da ƙishirwa, ya kuma san darajar wanda zai tare shi da ƙoƙon kunu da magariba. Darasin da Gandhi ya ɗauka a wannan wata shi ne cewa mutanen da aƙida ta raba suna iya girmama ibadar juna ba tare da wani ya bar tasa ba.

Kasturba da azumin kaffara

Matarsa ma ba baya ba ce wajen riƙon alwashi. Lokacin da aka yi mata tiyata a Durban jikinta ya yi tsanani, likita ya dage sai ta sha romon nama, ita kuwa ta zaɓi a ɗauke ta daga hannunsa a mai da ita Phoenix, inda ta warke a hankali. A 1913 wata kotu ta yanke hukuncin da ya soke ingancin auren da ba na Kirista ba ne kuma ba a yi masa rajista ba, abin da ya mai da matan Hindu da na Musulmi tamkar dadiro a idon doka. Kasturba ta shiga sahun masu bijirewa, aka ɗaure ta wata uku da aiki mai tsanani, ta fito a rame. A watan Nuwamba na shekarar mijinta ya jagoranci ma'aikata fiye da 2,000 suka taka a ƙasa suka shiga yankin Transvaal ba izini. Dokar sassauci ta 1914 ta soke harajin fam uku da ake karɓa daga tsofaffin 'yan ƙwadago, ta kuma amince da aurensu.

A 1913 ɗin ne azuminsa ya ɗauki sabon salo. Labari ya iske shi cewa wasu mutum biyu a Phoenix sun aikata abin kunya. Maimakon ya hukunta su, sai ya ce laifin ɗalibi yana da rabon malami a ciki, ya yi azumin kwana bakwai, ya biyo da wata huɗu da rabi yana cin abinci sau ɗaya a rana. A 1914 ya sake yin na kwana 14. Nan ya gane cewa yunwar mutumin da ake ƙauna tana taɓa zuciya fiye da bulala.

Tabon da ke tarihinsa

Zamansa a Afirka ta Kudu yana da tabo. A rubuce-rubucensa na farko ya yi amfani da kalmomin ƙasƙanci ga baƙaƙen fata, ya kuma yi fafutukar kada a haɗa Indiyawa da su a layi ɗaya. A yaƙin da Turawa suka yi da Zulu a 1906 ya jagoranci masu ɗaukar majinyata a ɓangaren gwamnati, ko da yake raunukan Zulu ɗin ne suka fi jinya. Ra'ayinsa ya sauya da shekaru, kuma Nelson Mandela ya yaba masa a bainar jama'a, amma maganganun nan ba su gushe ba. Su ne dalilin da ya sa aka cire gunkinsa daga harabar Jami'ar Ghana a watan Disamba na 2018.

Komawa gida

Ya isa Indiya a watan Janairu na 1915. A 1918 ya yi azumin kwana uku don goyon bayan ma'aikatan masaƙu a Ahmedabad. Ranar 6 ga Afrilu, 1919, ya kira ƙasar baki ɗaya ta rufe kasuwanni ta yini da azumi da addu'a kan dokar tsare mutane ba shari'a. A 1922, da magoya bayansa suka ƙona ofishin 'yan sanda a Chauri Chaura, ya dakatar da fafutukar ya yi azumin kwana biyar. A watan Satumba na 1924, bayan rikicin addini a Kohat, ya fara azumin kwana 21 a gidan Maulana Muhammad Ali a Delhi, Dokta Mukhtar Ansari yana duba lafiyarsa. Ranar da zai buɗa baki ya nemi tsohon abokin zamansa na Phoenix, Imam Abdulƙadir Bawazir, ya karanta Fatiha.

Ba kowa ne ya ga alheri a wannan hanya ba. A 1932, yana kurkukun Yerawada, ya yi azumin sai-mutuwa kan shirin ware wa ƙasƙantattun dangogin Hindu akwatin zaɓe na dabam. Jagoransu, Dokta Bhimrao Ambedkar, ya janye buƙatarsa aka ninka musu kujeru, amma har ƙarshen rayuwarsa yana ganin tilasta masa aka yi. Har yau masana suna muhawara kan inda azumi ke tashi daga nasiha ya koma matsin lamba.

Kasturba ta rasu ranar 22 ga Fabrairu, 1944, suna tsare tare a Fadar Aga Khan da ke Pune. Ranar ta dace da Shivaratri, ɗaya daga manyan ranakun azumin addininta.

Azumin ƙarshe

Ranar 15 ga Agusta, 1947, Indiya ta samu 'yanci, aka yanki Pakistan daga jikinta, a cikin goman ƙarshe na Ramadan. Mutane fiye da miliyan goma suka bar gidajensu, dubban ɗaruruwa suka halaka. Gandhi bai halarci bikin Delhi ba. Ya yini da azumi a wani tsohon gida a birnin Kalkata tare da jagoran Musulmi Husaini Suhrawardy. Da rikici ya sake tashi a farkon Satumba ya daina cin abinci, cikin kwana uku masu tarzoma suka riƙa kawo makamansu suna zubewa a gabansa.

Delhi kuwa ta cika da 'yan gudun hijirar Hindu da Sikh masu ɗacin rai. An mamaye masallatai, Musulmi suna tsoron fita. Ranar 13 ga Janairu, 1948, yana da shekara 78, ya fara azumin da ya ce ba zai karya ba sai an samu zaman lafiya na gaskiya. Cikin sharuɗɗansa akwai mayar da masallatan ga masu su, da tabbatar da tsaron Musulmi a unguwanni da jiragen ƙasa, da barin a yi taron shekara-shekara a hubbaren Shehu Ƙuɗubuddin Bakhtiyar Kaki da ke Mehrauli. Ana cikin azumin gwamnatin Indiya ta saki Rufi miliyan 550 na kason Pakistan da ta riƙe. Ranar 18 ga wata shugabannin al'umma fiye da ɗari suka sa hannu kan alkawarin, ya karɓi ruwan lemo daga hannun Maulana Abul Kalam Azad.

Bayan kwana biyu aka tayar da bom a wurin addu'arsa, ya tsira. Ranar 27 ga wata ya je Mehrauli ya halarci taron. Ranar 30 ga Janairu, yana kan hanyar zuwa addu'ar yamma, wani mai tsattsauran ra'ayin Hindu, Nathuram Godse, ya harbe shi sau uku. A gaban kotu, Godse ya kafa hujja da azumin nan na ƙarshe da abin da ya kira fifita Musulmi.

Abin da ya bari

Tasirinsa ya kai Arewacin Najeriya, domin Malam Aminu Kano na cikin 'yan siyasar da suka nazarci hanyarsa ta fafutuka ba zubar da jini. A 2007 Majalisar Ɗinkin Duniya ta mai da ranar haihuwarsa ranar ƙin tashin hankali ta duniya. Matsugunin Phoenix, wanda aka lalata a tarzomar 1985, an gyara shi aka sake buɗewa a shekarar 2000.

Al'adar da ya tarar wurin 'yan ƙwadagon rake ma ba ta mutu ba. A Durban, jikokinsu masu asalin Tamil suna barin nama wata guda cur daga tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Oktoba, a azumin da suke kira Purtassi, ko da yake yawancinsu Turanci ne harshensu a yau. A nan gida ma, waɗanda suka yi sakandare a Jihar Kano a shekarun 1970 da 1980 sun zauna a gaban malamai Indiyawa masu koyar da lissafi da kimiyya, kuma har yanzu akwai Indiyawa 'yan kasuwa da masu masana'antu a birnin. Idan aka ga ɗayansu ya ƙi taɓa shinkafa a wata rana alhali lafiyarsa ƙalau, mai yiwuwa ranar goma sha ɗaya ce a lissafin watansu.